Cocin da ba ya yi wa jarirai baftisma

Ka taɓa ganin fasto tsaye cikin ruwa har ƙugu yana nutsar da baligi gaba ɗaya? Al'adar 'yan Baptis ke nan. Saɓanin Katolika, ba sa yi wa jariri baftisma. Sai mutum ya yi wayo, ya furta imaninsa da bakinsa. Kada ka ɗauka wankan tsarki ne irin namu: sau ɗaya ake yi, kuma a wajensu alama ce ta mutuwar Yesu da tashinsa.

Fafaroma ba ya mulkinsu, jama'ar kowane coci ke zaɓen fastonta.

A Ghana, Yarbawa 'yan kasuwa na cikin waɗanda suka fara kafa cocin. Dokar korar baƙi ta 1969, wadda ta girgiza zangonni, ta bar yawancin majami'unsu wayam.