Na'urar kiran gaggawa ga tsofaffi: Abin da iyalai a Mubi za su duba kafin saye

A gidaje da dama a Mubi, tsoho ko tsohuwa kan wuni su kaɗai, 'ya'ya na kasuwa ko wurin aiki, wasu ma suna Yola ko Abuja. Idan santsi ya kwashi dattijo a makewayi, ko ciwo ya taso masa farat ɗaya, tsawon lokacin da zai yi a kwance kafin a ankara na iya zama sanadin tsira ko rasa rai.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 684,000 ne ke mutuwa duk shekara sakamakon faɗuwa, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su suka fi yawa a ciki.

Na'urar kiran gaggawa ƙaramar aba ce da ake ratayawa a wuya ko a ɗaura kamar agogo. Da an danna maɓallinta sai ta kira lambobin da aka ajiye mata. Wasu na aika saƙon inda mutum yake, wasu kuma na yin kira da kansu idan sun ji alamar faɗuwa, sai dai ba kowace faɗuwa suke ganewa ba.

Abu na farko da za a tambaya shi ne wanda zai amsa kiran. Yawancin waɗanda aka ƙera don Turai da Amurka na haɗa mutum ne da cibiyar kamfani da ake biya duk wata, wadda ba ta da hanyar turo kowa Lokuwa ko Yelwa. Wadda ta dace da Mubi ita ce mai karɓar layin waya na Najeriya, wadda ke kiran lambobi bi da bi har a samu mai ɗauka. Lambar maƙwabci ko jikan da ke kusa ita ce za ta zo farko, sannan ta ɗan da ke nesa. Ana iya ƙara 112, lambar gaggawa ta ƙasa wadda kiranta kyauta ne.

Na biyu shi ne sabis. Yankin yana gindin duwatsun Mandara, kuma ƙarfin sabis a tsakiyar gari ya bambanta da na ƙauyukan Maiha ko Michika. A gwada layin a ɗakin kwanan dattijon da makewayinsa kafin a zaɓa. Layin ya kasance mai rajista da lambar shaidar zama ɗan ƙasa, a kuma riƙa sa masa kati, domin ana rufe layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba.

Na uku shi ne caji. Tun da wutar lantarki ba ta da tabbas, a nemi wadda batirinta ke kwanaki, mai sanar da iyali idan ya yi ƙasa, a haɗa da ƙaramar sola.

Na huɗu shi ne ruwa. Mai alwala sau biyar a rana zai gaji da cire agogon da ba ya jure jiƙa, wata rana ya manta da shi a kan tabarma. Alamar IP67 na nufin na'urar za ta jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita 1 na minti 30.

A kuma tambayi mai sayarwa ko Hukumar Sadarwa ta Najeriya ta amince da samfurin, a karɓi rasit.

Wanda bai samu na'urar ba, ƙaramar waya mai manyan maɓallai da aka saita ta kira lamba da danni ɗaya za ta yi amfani, muddin tana jikin dattijon.

Kafin a biya kuɗi, a zauna da shi a nemi yardarsa, domin abin da aka ɗora masa dole zai ƙare a cikin akwati. A shirya da mai keke ko mota da zai fito ko da tsakar dare, a bar mabuɗi a wurin amintacce, sannan a sa dattijon ya danna maɓallin da hannunsa sau ɗaya a mako, misali bayan sallar Juma'a ko bayan an taso daga coci.