Akwatin Kaset a Cake

A Cake, garin nan na ƙasar Mayahi da takardun gwamnati ke rubutawa Tchaké, ba a fito da tsofaffin kaset da damina. Wa ke da wannan sukunin? Sai an yanke gero an ɗaure dammuna, an roro wake, rumbu ya cika, sanyin hunturu ya fara kora mutane bakin wuta, sannan magidanci zai jawo akwatinsa daga ƙarƙashin gado. Galibi akwatin ƙarfe ne, kaset ɗin kuma a naɗe cikin leda da tsohon rawani, saboda ƙura da gara.

Yawancin kaset ɗin nan cirani ne ya kawo su. Da an gama kaka samari sukan bazu, wasu Katsina da Kano da Legas, wasu su hau arewa ta Agadas har Libiya. Kafin ruwan shuka su dawo da turmin atamfa na inna, da manyeto a kafaɗa. Wanda bai fita ba yakan je kasuwar Mayahi ko Tasawa, ko ya yi sautu daga Maraɗi, ya faɗa wa mai kaset waƙar da yake so a ɗora masa. Shi ya sa da wuya ka ga hoton mawaƙi a jikinsu. Wani an rubuta sunan da bik cikin boko, wani da ajami, wani kuwa ɗigon jan farce ne kawai ko zanen wuƙa a gefe, mai shi kaɗai ya san abin da alamar ke nufi.

Akwatin kawuna shi na fi sani, don tun ina yaro ni ake aike in ɗauko shi. Rabinsa Shata ne. Iyaka ba ta taɓa hana kalangun Alhaji Mamman Shata shigowa nan ba, tun zamanin da ake kamo Rediyon Kaduna da dare, kuma rasuwarsa a 1999 ba ta rage masa masu saurare ba. Akwai Bakandamiya kwafi biyu, ɗaya ta gaji har muryar tana rawa, amma ita kawu ya fi so. Akwai Musa Ɗanƙwairo, da Ɗan Anace yana wasa Shago, da kuntigin Ɗan Maraya Jos, da gurmin Haruna Uji. Sai na gida: Mamman Gawo Filinge, da Sagalo na ƴan kokowa, wanda in aka sa shi dole hira ta karkata zuwa ga Kantu na Maraɗi, da takobin farko da ya ɗauka a Tawa cikin 1975.

Kawu ba ya kiran kaset da sunan waƙa kaɗai. Zai ɗaga ɗaya ya ce wannan ta shekarar El-Buhari ce, wato yunwar 1984, lokacin da Najeriya ta rufe iyaka, ya saye ta da kuɗin dako a hanyarsa ta dawowa ta daji. Waccan ta shekarar da aka karya darajar sefa, 1994. Waccan kuma ranar da aka raɗa wa ɗansa na fari suna aka ba shi ita. Mutumin da bai taɓa rubuta kwanan wata ba, ga shekarunsa nan a jere, kowace da muryarta.

Kafin a ji komai akwai hidima. A buga kaset a tafin hannu sau biyu don zaren ya saki. A zura bik a ramin a juya da hannu, kada a ɓata pil wajen mayar da shi baya. Pil ɗin ma tun da rana an shanya su a kan danga, wai su ƙara ƙarfi. A goge kan manyeto da auduga da ɗan turare. In zare ya tsinke ba a yar da shi, a haɗa bakin biyu da jan farce ko ƙaro, a hura a jira ya bushe. Wurin ɗaurin nan waƙa takan yi tsalle, kuma duk ƴan fada sun san inda tsallen yake, har sukan cike gurbin da bakinsu.

Zaman kansa yana da tsari. Manya a kan tabarma, ƙaramin cikinsu a bakin gawayi yana haɗa shayi, na farko mai ɗaci, na biyu, na uku. Ba a yi wa mawaƙi katsalandan yana tsakiyar kirari. Sai an juya kaset ake gardama: wane ne wannan da aka ambata, ɗan wane gari ne, me ya ba mawaƙin. Mata suna ji ta bayan danga, amma su ma da nasu. Innata tana ɓoye kaset ɗin Barmani Coge a cikin kwalla, bayan jeren kwanoni, sai ranar da maza suka tafi kasuwa ake jin ƙwarya na tashi daga ɗakinta. Aron kaset kuwa amana ce; wanda ya mayar da shi da tsinkakken zare bai faɗa ba, ya daɗe ana tuna masa.

Akwatuna da yawa sun ragu. Da wa'azi ya yi ƙarfi a ƙasar Maraɗi, wasu sun ɗora karatu a kan waƙoƙinsu, wasu sun ba da su. Yanzu kuma yaro zai kai memori wajen mai caji a zuba masa ɗaruruwan waƙoƙi, su Nura M. Inuwa da Hamisu Breaker, ya toshe kunne ya ji shi kaɗai. Ba na ƙin waƙoƙin, ina jin su ni ma. Abin da ke damuna shi ne ba wanda zai tambaye shi wa aka ambata, shi ma ba wanda zai tambaya.

A can ƙasan akwatin kawu akwai kaset guda da ba a sawa a fada. Da can, ɗan cirani da ba ya rubutu yakan ɗauki muryarsa a kaset ya ba mai dawowa gida, ita ce wasiƙarsa. Wannan daga Libiya wansa ya aiko ta, a kan wata tsohuwar waƙar Shata ya ɗora maganar, kuma bai dawo ba. Bara, bayan kowa ya watse, kawu ya ce mini, "Ɗana, miƙo mini mai ɗigo biyun nan." Na ce, "To, kawu." Muryar ta gai da mahaifiyarsu, ta gai da kowa da sunansa gida-gida, ta tambayi yadda gonar tudu ta yi, ta ce kada a sayar da jar saniya. Sai aka ji ƙarar danna maɓalli, kalangu ya ci gaba daga inda maganar ta tsaya. Kawu ya bar shi yana bugawa har zaren ya kai ƙarshe, manyeto ya kashe kansa.