Maki a Hannun Malami, Ƙorafi a Hannun Abokinsa

A watan Oktoban 2019 BBC ta fitar da binciken da 'yar jarida Kiki Mordi ta jagoranta, inda aka ɗauki wasu malaman Jami'ar Legas da Jami'ar Ghana a ɓoye suna neman lalata da 'yan jaridar da suka je musu a matsayin ɗalibai. Kafin nan, a 2018, kotu ta ɗaure Farfesa Richard Akindele na Jami'ar Obafemi Awolowo shekara 2, bayan muryarsa ta bazu yana neman ɗalibarsa ta ba shi kanta kafin ya ɗaga mata maki. A duka biyun sai da na'ura ta ba da shaida hukuma ta motsa. To, wadda ba ta da komai sai bakinta fa?

Tushen matsalar iko ne. Malami ɗaya ke koyarwa, shi ke fitar da tambayoyi, shi ke duba takarda, wani lokaci shi ke kula da binciken kammala digiri. In ɗaliba ta kai kuka, sai ta tarar da shugaban sashe, wanda tare suke cin abinci da mutumin da take ƙara. A gida kuma, musamman a Arewa, tana tsoron a ce a rufa asiri, ko a cire ta daga makaranta gaba ɗaya. Shirunta lissafi ne na hankali. Don haka gyaran ya fara daga rage wannan iko: takardar jarrabawa ta ɗauki lamba maimakon suna, a samu mai dubawa na biyu, ofishin ƙorafi ya fita daga sashe, a kuma sauya wa mai ƙara malamin bincike nan take. Wadda aka yi wa fyaɗe kuwa asibiti take buƙata kafin kwamiti, domin maganin kariya daga cutar ƙanjamau cikin awa 72 yake aiki. Cibiyar Mirabel ta Legas tana wannan hidima kyauta tun 2013. Asibitin kowace jami'a ya kamata ya iya.

Wasu za su ce shigar 'yan mata ce ke jawowa. Masu hijabi har ƙasa ma ba su tsira ba, kuma dokar sutura ba ta taɓa karɓe jan biro daga hannun kowa ba. Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne tsoron ƙazafi. Lokacin da Majalisar Dattawa ke nazarin ƙudurin hukunta masu neman ɗalibai da lalata, wanda ta amince da shi a 2020, mai tanadin ɗaurin har shekara 14, ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta ce malamai kaɗai aka sa a gaba. Ƙazafi na faruwa, ba a musu. Amma tsarin lamba maimakon suna shi ne garkuwar malamin kirki: wanda bai san takardar wa yake dubawa ba, da wuya a ce ya kayar da wata don ta ƙi shi. Kuma wannan gyara ba ya jiran sa hannun shugaban ƙasa, majalisar gudanarwar jami'a na iya zartar da shi a zama ɗaya.