Abin da Mujallar Fim Ta Koya wa Masu Alƙalami

A watan Maris na 1999 mujallar Fim ta fara fita daga Kaduna, a hannun ɗan jarida kuma marubuci Ibrahim Sheme. A lokacin harkar finafinan bidiyo na Hausa ba ta cika shekara goma ba, in aka ƙirga daga Turmin Danya da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990. Ba Fim ce ta buɗe fagen ba. Mujallar Tauraruwa ta Sunusi Shehu Daneji ta riga ta fitowa a Kano, kuma a shafukanta ne aka raɗa wa masana'antar sunan Kannywood. Wasu sun biyo baya, suka yi 'yan shekaru suka kwanta. Fim ce ta jure: ta ga kafuwar Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, ta ga matsin da 'yan fim suka shiga daga 2007, ta ga mutuwar kasuwar kaset da faifai, har ta koma intanet. Manazarta sukan ɗauke ta rumbun tarihin 'yan fim, kuma haka take. Amma akwai wani aiki da ta yi wanda ba a cika lissafa mata ba, wato koya wa matasa rubutun Hausa ba tare da sun san ana koya musu ba.

A duba gari irin Bacirawa a Ƙaramar Hukumar Ungogo, inda gonaki da birni suka haɗa kafaɗa, a shekarun da Fim ke fita a takarda. Saurayin da ya gama firamare ko sakandare, yana gona da damina, yana shiga birni neman kuɗi da rani, a ina yake haɗuwa da Hausa a rubuce? Littafin aji ya bar shi a makaranta, in ma ya taɓa mallakarsa. Abin da ke iso shi shi ne abin da ke yawo hannu da hannu, a majalisa, a teburin mai shayi, a shagon aski, 'yan mata kuma a ɗakunan amare. Ba don neman ilimi yake buɗe mujallar Fim ba, hoton ɗan wasa Ali Nuhu ne ya ja shi, ko labarin wadda ta yi aure ta bar fim. Sai dai wanda ya karanta hira mai shafi huɗu daga farko har ƙarshe ya ga abubuwan da ba ya ji a rediyo: yadda ake sa maganar baki a takarda ba ta watse ba, inda ake ajiye waƙafi, inda zancen wani ke ƙarewa na marubuci ya fara, da dalilin da ya sa ake sauka sabon sakin layi. Kamar yaron da ke bin babansa gona ne, ba ranar da aka zaunar da shi darasin huɗa, amma wata rana za a ga kunyarsa ta miƙe.

Tarihin rubutun boko a ƙasar Hausa ma haka ya nuna. Abubakar Imam bai ƙago Magana Jari Ce daga iska ba. Ya karanta Alfu Laila da wasu littattafan hikayoyi na Larabawa da Turawa, ya narka su, ya zuba su a bakin aku da Hausar da har yau ake koyi da ita. Da aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a Janairun 1939, shi ne editanta, kuma wasiƙun masu karatu suka zama filin da mutane da yawa suka fara gwada alƙalaminsu. Sun karanta, suka ga yadda ake yi, suka rubuto. Bayan rabin ƙarni, marubutan soyayya irin su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu suka samu masu karatu a cikin waɗanda makarantar boko ba ta riƙe ba, daga cikin masu karatun nan kuma sabbin marubuta suka fito. Fim ta zo ta tarar da wannan jama'a, ta ba su abin da littafin soyayya bai cika ba su ba: rahoto, sharhi, hira, ta'aziyya, martani, wato rubutun da ke magana a kan abin da ya faru da gaske, wanda kuma ya bi ta hannun edita kafin ya fita.

Wani zai ce ai mujallar fim tsegumi ce, me za a koya a labarin saki da saɓanin 'yan wasa? Iyaye da malamai da suka yi wannan ƙorafi suna da hujjarsu ta fuskar tarbiyya, kuma uba yana da ikon zaɓar abin da zai shiga gidansa. Amma batun tarbiyya daban, batun ƙwarewar alƙalami daban. Labarin rigima tsakanin furodusa da ɗan kasuwa, in an rubuta shi daidai, sai an faɗi wa ya ce me, a ina, yaushe, an kuma ji ta bakin ɗaya ɓangaren. Wannan tsari shi ne dai wanda ake bukata wajen rubuta ƙorafi ga dagaci kan iyakar gona, ko rahoton taron ƙungiyar manoma, ko takardar neman aiki. Abin da ake magana a kai zai iya zama mara nauyi, ginin jimlar kuwa ya zama na ƙwarai.

Ƙorafi na biyu ya fi ƙarfi, kuma malaman Hausa ne ke yin sa. Fim tana da salon gidanta wajen raba kalmomi: takan rubuta "ya na" da "gidan sa" inda daidaitacciyar ƙa'ida ta ce a haɗe su. Ɗalibin da ya kwafi wannan ya kai ɗakin jarrabawa zai iya rasa maki. Gaskiya ne, kuma shi ya sa ba a tsayawa kan mujalla ɗaya. Wanda ya haɗa ta da jaridar Aminiya da littattafan Imam zai ga saɓanin da idonsa, ya tambayi wanne ne daidai, tambayar da wanda bai taɓa karatu ba ko tunaninta ba zai yi ba. Balle ma raba kalma gyara ne na mako guda. Abin da ke cin shekaru shi ne iya jan zance daga farko zuwa ƙarshe ba tare da mai karatu ya ɓace a hanya ba.

Saura masu cewa zamanin mujalla ya wuce, yanzu kowa yana karatu a waya. Ana karatu kam, wataƙila fiye da da, domin littattafan da ake sakewa kashi-kashi a WhatsApp da Wattpad suna da mabiya sosai. Matsalar ita ce akasarinsu ba wanda ya duba su kafin su fita. Ba ƙugiya a kan ƙ da ɗ da ɓ, ba aya, Turanci da Hausa a cakuɗe, shafi guda jimla guda. Mai koyo kuwa abin da idonsa ya saba gani shi hannunsa ke maimaitawa. Don haka ba takarda ake wa kuka ba, edita ake nema, kuma yana nan a wayar ma, a shafin Fim, da na Aminiya, da labaran da suka yi nasara a gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016. Mai son alƙalaminsa ya gyaru sai ya zaɓi rubutu ɗaya daga irin waɗannan ya karanta sau biyu, na farko don jin labari, na biyu don ganin da me aka fara, me aka jinkirta, me aka bari. Sannan ya rufe shafin ya rubuta labarin da kansa, ya buɗe ya gwada nasa da nasu, ya karanta nasan a bayyane ga wani wanda ba zai ji nauyin tsayar da shi ba in zancen ya karkace.