Ko Kun Sani? Burauza Ma Rubutu Ce Kafin A Gina Ta

Ko kun sani cewa burauzar da mutum yake buɗe shafukan intanet da ita, ko da yana zaune a Kende ta ƙasar Bagudo, daura da iyakar Binin, asalinta rubutu ne zalla, layuka miliyoyi, waɗanda a wasu burauzoji duk mai himma yana iya saukewa ya sa kwamfutarsa ta mayar da su manhaja mai aiki? Kamfanin Netscape ya bayyana asalin rubutun tasa ga jama'a ranar 31 ga Maris 1998, daga nan Firefox ta tsiro, Google kuwa ya fito da Chromium a 2008.

Lamarin ba na mai gaggawa ba ne, domin Chromium tana bukatar filin gigabait 100, kuma ginin yakan ci sa'o'i, balle a inda wuta ba ta da tabbas. Fa'idarsa ita ce, mai ginin yakan jarraba gyaran da aka yi wa zanen shafi tun kafin ya isa hannun jama'a, kamar malamin da ke tashihin littafi kafin almajirai su kwafa.

Daga cikin abubuwan da ake jarrabawa akwai HarfBuzz, aikin da Behdad Esfahbod, ɗan asalin Iran, ya jagoranta, kuma farkon sunan aikin shi ne harafi namu. HarfBuzz ke hukunta surar da harafi irin ba'un zai ɗauka a farkon kalma, ko tsakiya, ko ƙarshe, da muhallin wasali, har Ajami ya fito a haɗe a fuskar waya.