Ko Kun Sani? Ƙasa Taskar Ɗumi Ce

A Umm Rakuba ta Jihar Gadarif, a gabashin Sudan, inda aka sake buɗe sansanin 'yan gudun hijirar Habasha a watan Nuwamba na 2020, zafin bazara yakan zarce digiri 40, alhali kuwa duk wanda ya haƙa ƙasa kimanin mita 10 zai tarar, bisa hikimar Ubangiji, yanayinta bai cika sauyawa ba, rani da damina. Wannan ne dalilin da ya sa akan ji ruwan rijiya mai zurfi da ɗumi da asubar hunturu, a kuma ji shi da sanyi da azahar ɗin bazara.

Ma'abota ilmi na Turai, da suka fahimci wannan sirri, sai suka ƙera na'ura mai aiki irin na firji, wadda ke kewaya ruwa cikin bututun da aka binne, tana ɗebo ɗumin ƙasa ta shigar da shi gidaje. Injiniya Heinrich Zoelly ne ya yi rajistar wannan fasaha a Suwizalan a 1912, a yau kuwa ta yawaita a Suwidin. Fa'idarta ita ce, da awo ɗaya na lantarki takan samar da awo 3 zuwa 4 na ɗumi. A ƙasashen zafi irin Sudan kuwa, idan aka juya aikinta, sai ta kwashe zafin ɗaki ta zuba cikin ƙasa, gida ya yi sanyi.