GADAGI, HARAWAR DAJI: A YANKA, KAR A TUMƁUKE

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, wannan wata za mu yi magana bisa gadagi.

Kowa ya san shi. Yana fitowa da damana cikin jigawa, cikin gonakin hatsi, da saura, da bakin burtali. Wani yana yaɗo bisa ƙasa, wani yana miƙewa har ya kusa gwiwa. Ganyensa guda guda ne, kamar ƙwai. Furensa ƙanana ne, ja-ja. Kwanson ƴaƴansa siriri ne mai gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa da ƙwaya guda.

Gadagi dangin wake ne da gujiya. In ka duba saiwarsa za ka ga ƴan ƙulle-ƙulle. Su ne ke ƙara ma ƙasa ƙarfi. Ga bisashe kuwa, harawa ce da ba a shuka ba. Doki na son shi, ragon layya na ƙiba da shi. Don haka daminsa ke da kuɗi a kasuwannin Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai.

Gadagi bai kusa ɓacewa daga duniya ba, ana samunsa tun daga Senegal har Sudan. Amma a wurare da yawa na ƙasarmu ya ragu. Me ya kawo haka?

Na farko, gadagi ba ya kai shekara biyu. Da rani ya mutu, baɗi sai daga iri yake fitowa. Wanda ya tumɓuke shi ɗanye, tun ƴaƴa ba su nuna ba, ya kwashe na bana da na baɗi.

Na biyu, gonaki sun yawaita, saura ta yi kaɗan.

Na uku, garmani ya mamaye makiyayai da burtali. Inda ya kafu, ciyawar kirki ba ta samun wuri.

To, ga shawara. A jira kaka, sai kwanso ya bushe. A yanka da lauje. A bar wani gefe ya zubar da iri. A kakkaɓe dami, a tara ƴaƴan, a watsa su farkon damana inda aka cire garmani. Dokar kiwo ta shekarar 2010 ta sa ƙa'ida ga kwasar ciyawa cikin daji. Kafin ka tara ta sayarwa, tambayi ma'aikatan kiwo na yankinku.

Wanda ya karanta, ya karanta ma wanda bai iya ba.